Ranar da Na Naɗe Ƙosai da Makullin Malam

Me ya sa ni ya ba wa takardar nan? Yau wata biyar ke nan da rasuwar Malam, na fita takaba, na wanke kayana, amma tambayar nan ta ƙi fita daga kaina. Mutum ya zauna da mace shekara arba'in da ɗoriya, ya san ko gishiri ba ya kwana a hannunta in maƙwabciya ta yi sallama, sannan ya ɗauki abin da ya fi komai tsada a wurin aikinsa ya danƙa mata. Sau ɗaya na tambaye shi, bai ba ni amsa ba. Yanzu kuwa babu wanda zan tambaya.

Abin da na sani shi ne, ko zan manta sunana ba zan manta da ranar Talatar nan ba. Ni ban yi boko ba, maƙwabciyata Malama Rahila ce ke rubuta mini wannan, ita ta ce in na faɗa aka zuba a takarda nauyin zai ragu. (Tun ban fara ba take danne dariya. Yi abinki, Rahila, duk Birnin Gwari an riga ki.)

Malam akawu ne tun zamanin tafireta. Da ya yi ritaya sai wata ƙungiya mai taimakon manoma ta ɗauke shi aiki a ofishinta na nan garin. A nan ya koyi kwamfuta, da furfurarsa, tabarau a kan karan hanci, yana bugawa da yatsa biyu kamar kaza tana tsince dawa. Ni kuma na kafa kaskona a ƙofar ofishin, ina sayar da koko da ƙosai. Da safe mu fito tare, shi ya shige ciki, ni in hura wuta.

Shekarun nan da daji ya ɓaci, mutanen ƙauyuka suka cika gari, na Gwaska, na Damari, na wajen Kazage, kowa da abin da ya iya ɗaukowa a ka. Ofishin su Malam ne ke rubuta sunayensu gida gida, don in damina ta matso a ba su iri da taki su noma ɗan filin da suka samu a bakin gari. Wanda sunansa ba ya cikin kwamfuta, ba shi da iri. Malam da yatsun nan nasa biyu ya shigar da sunayen, watanni yana yi. Kuma duk wanda ya zo rubuta suna, kafin ya shiga sai ya zauna a bencina. Wanda ke da abin saye ya saya, wanda ba shi da shi in zuba masa. Haka na san su kaf, na san wa aka kashe wa miji, na san wace ce ta haihu a hanya.

Kwamfuta bakwai ce a ofishin, duk an haɗa su da wata babba da ke ɗakin Malam, a cikinta sunayen suke. Kowane ma'aikaci yana da nasa sunan da nasa harafin sirri da yake shiga da shi ya yi aikinsa. Amma akwai wani babban makulli, shi ba ƙarfe ba ne, wasu haruffa ne da lambobi, kuma Malam kaɗai manyan Kaduna suka ba wa. Ba don ya fi yaran zamani iyawa ba, sun dai san ba ya wasa da amana. In wani yana so ya saka sabon abu a kwamfutarsa, sai ya kira Malam ya zo ya duba, in ya yarda ya buga makullin da hannunsa, yana kare allon da hularsa.

Sau da yawa kuma ba ya yarda. Ni ce nake shan ƙorafin, don a bencina ake yin sa. Suna kiransa Baba Makulli. Wata rana na gaji na tare shi da maganar muna cin tuwo.

Ya ce, "Mai koko," (haka yake kirana tun muna da ƙuruciya, ko a gaban baƙi) "ki ɗauka gidan haya ne. Kowane ɗan haya yana da makullin ɗakinsa, ya shiga, ya fita, ya dafa abincinsa. Amma in zai fasa katanga ya buɗe wata ƙofa ta baya, sai da yardar mai gida. To a kwamfuta mai gidan nan shi ake ce wa adimin. In kowa ya zama mai gida, kowa zai fasa tasa ƙofar, kuma ba ki san abin da zai shigo ta nan ba."

Na ce, "Haba Malam, ai su ba yara ba ne."

Ya ce, "Ba yara ba ne. Shi ya sa ƙofofin da za su fasa za su yi faɗi."

Na gyaɗa kai kamar na gane. A raina kuwa cewa na yi, tsufa ne ke kawo wa mijina rowa.

Gab da damina ciwo ya kwantar da shi. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya riƙa yi masa wuya, aka ce sai Kaduna. Ranar da motoci za su tashi da rakiyar sojoji aka samu wurin mutum biyu kacal, sai ɗanmu Habibu ya tafi da shi, ni na zauna. Lokacin kuma waya ba ta shiga garin nan, in mutum ya bi hanyar Kaduna sai dai ka bi shi da addu'a.

Da safen da za su tafi ya kira ni ɗaki. Ya ciro wata 'yar takarda daga cikin hularsa, a ninke, an naɗe ta da leda.

"Ki sa ta a ƙasan kwallarki. In aiki ya tsaya, Manajan ofishinmu zai zo da kansa. Ki ba shi a hannunsa, ya buga, ya dawo miki da ita. Manaja kaɗai, Mai koko."

Na ce, "Na ji."

Ya ce, "Maimaita."

Na ce, "Manaja kaɗai." Har da ɗan fushi na faɗa, don ya mai da ni kamar wadda aka aika cefane karon farko.

Kwana shida takardar nan tana ƙarƙashin zannuwana. Rana ta bakwai sai ga Sale. Sale ma'aikaci ne a ofishin, magidanci mai 'ya'ya uku, shi ne ya fi kowa a can sanin kwamfuta, kuma Allah ya ba shi baki. Ya zo gida da la'asar da lemo a leda, ya durƙusa har ƙasa.

"Inna, ya jikin Baba? Wallahi ofis ya zama kango ba shi."

Muka gaisa, na kawo masa ruwa. Sai ya ce an kawo sabuwar firinta da za a buga katin karɓar iri da ita, amma kwamfuta ta ƙi karɓarta sai da makullin Baba. Manaja kuma ya tafi taro Kaduna, hanya ta rufe masa, ba a san ranar dawowarsa ba. (Wannan duk gaskiya ne, kada in ɗauki alhakinsa.) Ga hadari ya fara haɗuwa, ga mutane suna zarya.

Na ce, "Malam ya ce Manaja kaɗai."

Ya sunkuyar da kai, ya yi ajiyar zuciya. "Haka ne, Inna. Ni dai abin da ke damuna maganganun mutane. Wai Baba ko yana gadon asibiti bai yarda wani ya taɓa ba. Wai da ya ga dama da da makullin za a binne shi. Ni na ce musu, ku ji tsoron Allah, mijin Inna ne fa, matar da ko almuru ka zo gidanta sai ka ci ka ƙoshi."

Nan ya kama ni. A ce ba ni da kyau, a ce ban da ilimi, duk zan yi dariya. Amma a ce gidana gidan rowa ne, kuma a ambaci binnewa mijina yana kwance?

Sai dai ku ji irin wayona. Na ce a raina, ai ni ba za a yaudare ni ba. In na ba Sale shi kaɗai, na fifita shi, kuma in ya yi ɓarna a ɓoye babu mai sani. Mu a gidanmu in an yanka dabba, a tsakar gida ake rabo, kowa yana gani, kowa ya ɗauki kasonsa, babu mai zargin wani. Don haka na ce masa ya tafi, gobe zan zo da kaina.

Washegari na ɗauki takardar na kai wa mai fotokofi na bakin kasuwa. Na ce ya yi mini goma. Ya duba takardar, ya dube ni, ya ce, "Inna, wannan mece ce?" Na ce, "Ba karatu na kawo maka ba." Injin nasa ya zarce, ya yi ta amayo takardu har ya kashe shi da ƙyar, ya haɗa mini duka ya ce in tafi da su, ai sun riga sun ɓaci. Tuli guda.

Na shiga ofis da sallama kamar mai rabon goron ɗaurin aure. Na ba Sale tasa. Na ba sakatariya. Na ba Bulus direba, wanda ko kwamfuta ba shi da ita. Na fito na ba mai gadi, na ce, "Kai ma ai ɗan ofis ne." Ya karɓa da hannu biyu ya sa a aljihu, ya yi mini addu'a. Na ce musu, "Ga shi nan, daga yau kada in ƙara jin an ce Malam marowaci ne."

Aka yi mini tafi. Rahila, ki rubuta wannan da kyau, tafi aka yi mini.

Sale bai tsaya a firinta ba. Ya bi kwamfutocin nan ɗaya bayan ɗaya ya mai da kowane ma'aikaci mai gida a tasa, ya ce don kada a riƙa wahalar buga makulli kullum. Ni da na ji haka har na yaba masa da hankali.

Ragowar takardun kuwa, ni ba na zubar da takarda. Mai sayar da ƙosai ta san darajar takarda mai tsabta, ga ta fara sol, ba irin jaridar da ke sa baƙi a hannu ba. Na yayyanka su na jera a gefen kasko.

Mako uku ofishin nan ya zama gidan biki. In na leƙa kai koko, sakatariya tana da waƙoƙin Indiya a tata, wani ya saka abin kallon ƙwallo, wani ya samo abin da ke jawo finafinai kyauta ta intanet ɗin ofis, mai farantin nan na kan rufi. Bulus direba ya mallake kwamfutar da babu kowa a kanta yana karta. Kowa ya zo da wayarsa ya soka. Suka raɗa mini suna Uwar Ofis. Ina tafiya gida ina jin kaina kamar na gina masallaci. Har na shirya yadda zan ba Malam labari in ya dawo: ka gani, na gyara maka suna.

Na dai ji sakatariya tana cewa kwamfutarta ta yi nauyi, wasu hotuna suna faɗo mata ba ta kira su ba. Na ce mata ta rufe ta da zane, wataƙila ƙura ce.

Sai hanya ta buɗe. Manaja ya dawo ranar Litinin da yamma tare da wata Madam daga babban ofishin Kaduna, ita ce mai kula da kwamfutocinsu duka. Aka sa taro washegari Talata, za a nuna sunayen a bango da majigi, dagatai da masu unguwannin da suka yi hijira su tabbatar da mutanensu kafin a fara rabon iri. Aka gayyaci liman, aka gayyaci fasto. Ni aka ba wa aikin abin taɓawa. Na tashi tun asuba na soya ƙosai mai kyau, da albasa da attarugu, na naɗe wa kowane baƙo nasa ƙunshin daban a farar takarda. Na ɗaura atamfata ta Sallah. Sale da kansa ya ja ni ya zaunar da ni a sahun gaba, kusa da liman.

Aka tada janareta, aka yi addu'a iri biyu, Manaja ya yi jawabi. Sale ya danna.

Abin da ya fito a bangon nan, ni dai ba zan iya faɗar sa duka ba. Tallar maganin maza ce, da wata mata da ba ta gama sa kaya ba, tana rausaya, girmanta ya kai daga ƙasa har rufi. Ga sauti. Liman ya ce, "Innalillahi!" ya ja rawani ya rufe fuska. Fasto ya cire tabarau ya kama goge shi yana kallon ƙasa. Wani dagaci tsoho da ba ya gani sosai ya riƙa tambayar na kusa da shi, "Wace ce? 'Yar wane ƙauye ce?" Sale yana danna nan, wata tana fitowa can. Ya rufe ɗaya, uku suka buɗe.

Ni kuwa, baiwar Allah, na miƙe tsaye a sahun gaba da atamfata, na ɗaga hannu sama na ce da ƙarfi, "Allah ya tona asirin duk wanda ya jawo wannan abin kunya! Allah ya tona shi a gaban jama'a!"

Ɗakin gaba ɗaya ya ce, "Amin!" Har fasto.

Ban taɓa ganin addu'ar da aka karɓa da sauri irin wannan ba.

Madam ta taso ta zare wayar majigin, ta zauna a gaban kwamfutar. Mace ce 'yar siririya, ba ta ɗaga murya. Ta ce a kwantar da hankali, bari ta buɗe sunayen. Ta danna, ta sake dannawa. Sai na ga ta daina motsi. Ta tashi ta shiga ɗakin Malam inda babbar take, ta jima, ta fito. Ta ce wa Manaja, a gaban kowa, sunayen ba sa buɗuwa. Wata cuta ta shigo ta ɗaya daga cikin kwamfutocin, ta bi ta cinye duk abin da ta tarar, har na babbar.

Wani mai unguwa daga wajen Damari ya ce, "Ranki ya daɗe, wato irin fa?"

Madam ta ce, "Kowace kwamfuta a ofishin nan, mai ita ya zama adimin. Wa ya yi wannan?"

Sale ya kama kallon silin. Sakatariya ta shiga neman wani abu a jakarta. Manaja, wanda bai san komai ba, ya ce, "Ai makullin yana hannun mutum ɗaya ne. Malam."

Sai na ji ana ƙus-ƙus a bayana. "Malam? Malam da kansa?" "Ka ga mutum kamar na Allah." "Wataƙila sayarwa ya yi da zai tafi asibiti." Madam ta buɗe littafinta ta tambayi cikakken sunansa, ta fara rubutawa.

Sunan da ya yi shekaru yana tattalinsa, yana kare allo da hula ana yi masa dariya, shi ne ake rubutawa a littafin nan, shi kuma yana can ba ya ko iya juyawa a gado sai an juya shi. Na sake miƙewa. Kuma don ku san iyakar wautata, har a lokacin ban haɗa matar bango da takardata ba. Ni a ganina kare shi zan yi da hujja mai ƙarfi.

Na ce, "Ranki ya daɗe, ki goge sunan mijina. Malam bai ba kowa ba, bai sayar ba. Ni ya bar wa, ni na raba. Kuma rabon adalci na yi, ban fifita kowa ba. Har fotokofi na sa aka yi. Ga mai gadi can a tambaye shi, shi ma ya samu."

Mai gadi daga bakin ƙofa ya ce, "Ƙwarai, na samu," ya ciro tasa ya ɗaga.

Madam ta dube ni kamar ta ga akuya tana magana. Ta ce, "Mama, fotokofi nawa?"

Na ce, "Goma na ce, injin ya zarce."

"Sauran suna ina?"

Kafin in buɗe baki, sai na ga idonta ya sauka a kan ƙunshin ƙosan da ke gefen littafinta. Ta ci biyu, saura ɗaya. Ta zazzage shi a kan tebur, ta warware takardar, ta ɗaga ta wajen hasken taga. Mai ya jiƙa ta har ana ganin yatsunta ta baya, ga rubutun Malam nan a tsakiya, raɗau.

Sai ka ji ƙarar takardu ko'ina. Kowa ya shiga warware nasa. Liman yana da makullin. Fasto yana da makullin. Dagatai duka suna da shi. Tsohon nan da ba ya gani ya riga ya goge bakinsa da nasa. Bulus direba ya ce a hankali, "Mako uku fa ke nan ana sayar da ƙosai a ciki." Wato duk wanda ya karya kumallo a ƙofar ofishin nan, har masu acaɓa da 'yan kasuwar da ke wucewa, ya tafi gida da amanar Malam a hannunsa.

A nan ne abin ya faɗo mini. Ƙofofin baya. Gidan haya. Na tuna har yadda ya ce in maimaita. Na nemi kujerata na rasa, sai na zauna a ƙasa daɓas da atamfar Sallah. Liman ya leƙo daga cikin rawani ya ce, "Hajiya, ai kin ga addu'arki ba ta kwana ba." Wani ya fashe da dariya a baya, aka tsawata masa, sai wanda ya tsawata shi ma ya fashe.

Mai unguwar nan na Damari bai yi dariya ba. Ya sake cewa, "Irin fa?" Wannan ya fi dariyar ciwo.

Madam ta ja layi a kan abin da ta rubuta, ina kallo. Ban iya karatu ba amma na san gogewa in na gan ta. Ta ce, "Mama, tashi." Ta kama hannuna da kanta. A ranar ta sauke kowa daga zama mai gida, ta canza makullin, ta wanke kwamfutocin tas, waƙoƙin Indiya da karta duk suka tafi. Sale aka ba shi takardar gargaɗi, wata guda ba ya bi ta gaban kaskona.

Sunayen kuwa, ta ce akwai tsohon kwafi a Kaduna, amma na bara ne, duk waɗanda suka shigo gari daga baya ba sa ciki. Dagatai sun san nasu, sai dai mutane sun warwatse a unguwanni, wasu ma dagacinsu bai tsira ba. Na ce mata, cikin kunya, ni na san su. Ta ce, "Kin rubuta?" Na ce, "Na dai zuba musu koko."

Kwana huɗu ina zaune a kujerar Malam, ina faɗa tana bugawa. Wance matar wane, daga Gwaska, 'ya'ya biyar, tana zaune a bayan makarantar firamare. Wane mai ɗingishi, daga Kazage, shi da ƙanwarsa. In na kakare sai in rufe ido in tuna wane kwano yake sha da shi. Aka aika aka tabbatar, aka buga katin da firintar nan da ta jawo komai. An yi rabo bayan ruwa na biyu, a makare. Gida biyu na manta, sai da suka zo suna kuka aka ƙara su, kuma har gobe in na haɗu da matan sai in sauya hanya.

Sunan Uwar Ofis ya mutu a ranar. Yanzu Inna Adimin ake ce mini. In na miƙa wa mutum ƙosai sai ya buɗe takardar ya duba tukuna, ya ce, "Inna, yau babu sirri?" Abin da na koya, a shekaruna, shi ne akwai abin da in ka raba ka yi alheri, akwai kuma wanda in ka raba ka zubar ne. Ni da na ɗauka duk ɗaya ne, hannu dai ya buɗe. Kuma in zan yi wa wani mugun fata a taro, yanzu sai na fara tambaya a hankali ko da hannuna a ciki.

Bayan sati biyu Habibu ya dawo da Malam. Ba warkewa ya yi ba, likitoci ne suka ce a kai shi gida. Ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Na hana kowa ya faɗa masa, na ce ni zan faɗa. Kwana uku ina ɗagawa. Rana ta huɗu da hantsi, ina shafa masa man zafi a ƙafa don kada mu haɗa ido, na kwashe komai na gaya masa, tun daga lemon Sale har zuwa matar bango. Na ce an goge sunansa a littafin, na gani da idona.

Can ya ce, "Har mai gadi?"

Na ce, "Har mai gadi."

"Liman fa?"

"Shi a ƙosai ya samu."

Sai gadon ya fara girgiza. Na tsorata, na ɗauka numfashin ne. Ashe dariya yake yi, marar sauti, hawaye na bin kunnensa, har tari ya sarƙe shi na ɗaga shi zaune. Ni ina kuka, shi yana dariya. Da ya lafa na ce, "Malam, ka san halina. Don me ka ba ni?" Ya dube ni ya jima, ya ɗora hannunsa a kan nawa, ya lumshe ido. Ke nan. Wani lokaci in ce don ban iya karatu ba ne, ya ga ba zan iya faɗa wa kowa abin da ke ciki ba. Wani lokaci in ce a'a, duk garin nan bai da wanda ya yarda da shi kamar ni, shi ma tasa wautar ke nan. Ban sani ba. (Rahila, dakata kaɗan. To, ci gaba.)

Ya ƙara kwana tara. Safiyar ƙarshe masu dubiya sun cika zaure. Na dama kunun tsamiya, na ba shi cokali uku ya kau da kai. Na zuba wa baƙi, na zuba wa Habibu, saura kofi ɗaya, nawa, don tun jiya ban sa komai a cikina ba. Sai aka yi sallama, wata ta ƙara shigowa. Na ɗauki kofin zan miƙe, sai na ji ya riƙe bakin zanena. Ƙarfin da ya rage masa ke nan. Na sunkuya na kai kunnena bakinsa.

Ya ce, "Mai koko, wannan naki ne. Zauna ki sha a gabana. Kada ki ba kowa."